ƘWAYAR CUTAR SITAF DA CIWON MAFITSARA A ƘASAR BIRNIN KUDU DA GWARAM

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, ko ya tsaya jiran mota a tashar Birnin Kudu, da wuya a ce bai ji muryar mai tallar magani tana tashi ta lasifika ba. A cikin jerin cututtukan da yake lissafawa, bayan basir da shawara da taifot, akwai wasu baƙin sunaye guda biyu da ba a rasa su a 'yan shekarun nan, wato "infekshan" da "sitaf". Kalmomin sun shigo Hausa ba da sallama ba, sun kuma sami wurin zama a bakin maza da mata, har ta kai ana ɗora musu alhakin rashin haihuwa da ciwon baya da raunin mazakuta da jin motsi a cikin jiki. Wannan darasi zai duba mece ce sitaf a wurin masana kiwon lafiya, da yadda take shiga hanyar fitsari, da kuma dalilin da ya sa magungunan da suke kashe ta a da suka fara gazawa. An zaɓi ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ne domin a kafa misalai a kan rayuwar da ɗalibi ya sani.

Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a kudancin Jihar Jigawa, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Dukansu suna ƙarƙashin masarautar Dutse, yankin kuma ya yi iyaka da Jihar Bauci. Masu nazarin tarihi sun san Birnin Kudu saboda zane-zanen mutanen da da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Ta fuskar lafiya kuwa, a garin ne ake da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da kuma makarantar koyon aikin jinya ta jiha. Sai dai mafi yawan jama'ar yankin manoma ne da makiyaya mazauna ƙauyuka, waɗanda kantin kemis da mai tallar magani suka fi kusa da su a kan asibiti.

Matsalar Suna

Kafin a shiga batun ƙwayar cuta, ya kamata ɗalibin Hausa ya tsaya a kan kalmar "sanyi", domin a nan ne ruɗanin ya samo asali. A Hausar da, idan aka ce namiji yana da ciwon sanyi, ana nufin cutar nan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, mai sa fitar mugunya da zafin fitsari. A yau ma'anar kalmar ta faɗaɗa ƙwarai. Mace mai ƙaiƙayin gaba da fitar farin ruwa takan ce sanyi ke damun ta. Mai jin zafi idan yana fitsari, shi ma sanyi. Mai ciwon mara, sanyi. Wani lokaci har yaron da yake fitsarin jini akan ce sanyi ne ya kama shi.

A wurin likita waɗannan cututtuka ne daban-daban, kowace da sanadinta da maganinta. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri galibi aikin wata halitta ce dangin funfuna, wadda maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta, sai ma ya ƙara mata ƙarfi, domin yana kashe bakteriya masu amfani da suke hana ta yaɗuwa. Fitsarin jini na yara masu wanka a kududdufi da rafi kuwa yawanci tsargiya ce, tsutsa ce da take fitowa daga jikin wasu ƙananan dodon-koɗi na ruwa, ta huda fata ta shiga jiki, kuma tana da nata magani na musamman mai suna firazikwantel. Ciwon mafitsara, wanda shi ne abin nazari a nan, yana faruwa ne idan bakteriya suka haura ta hanyar fitsari suka zauna a mafitsara suna hayayyafa. Alamunsa su ne zafi ko raɗaɗi lokacin fitsari, da yawan jin fitsari amma kaɗan ke fita, da ciwo a ƙasan mara, wani lokaci da gurɓacewar launin fitsarin.

Ke nan, idan aka tara cututtuka huɗu a ƙarƙashin suna ɗaya, dole a nema musu magani ɗaya. Wanda ya tafi kemis ya ce a ba shi maganin sanyi, ya riga ya yi wa kansa hukunci kafin a saurari shari'ar.

Mece ce Sitaf?

"Sitaf" gajarcewa ce ta Sitafilokokus, sunan wani dangi na bakteriya. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Ogston ne ya lura da su a shekarar 1880, lokacin da yake duba mugunyar ƙurji a ƙarƙashin madubin likita a garin Abadin. Ya gan su ƙulu-ƙulu, sun cure wuri ɗaya kamar 'ya'yan inabi a jikin reshe, don haka ya haɗa musu suna daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin curin inabi, ɗaya kuma mai nufin ƙwaya. Ƙanƙantarsu ta kai a jera guda dubu kafin su cika tsawon milimita ɗaya.

Dangin yana da nau'o'i da dama, amma biyu ne suka shafi wannan darasi. Na farko shi ne oriyos, sunan da wani Bajamushe mai suna Rosenbach ya raɗa masa a 1884 saboda launinsa na ruwan zinariya idan aka shuka shi a faranti. Shi ne mai haddasa maruru da ɗankakkare da ƙurjin nono ga masu shayarwa da ruɓewar rauni bayan fiɗa. Idan ya sami hanya ya shiga jini, yana iya kama ƙashi ko huhu ko zuciya, ya yi kisa. Abin mamaki shi ne, kusan mutum ɗaya cikin kowane uku yana ɗauke da shi a cikin hancinsa ko a fatarsa, yana kuma zaune lafiya lau. Ashe ganin sitaf a jikin mutum bai isa hujjar cewa mutumin ba shi da lafiya ba. Nau'i na biyu shi ne safrofitikus, wanda ba a cika jin sunansa a kasuwa ba, alhali kuwa shi ne ɗan dangin da ya fi sabawa da mafitsara, musamman ta mata masu ƙananan shekaru da suke da aure.

Duk da haka, ba sitaf ce kan gaba wajen haddasa ciwon mafitsara ba. Wannan matsayi na wata bakteriya ce mai suna Ikolai, mazauniyar hanji, wadda ita ke da alhakin kimanin kashi uku cikin huɗu na ciwon mafitsarar da ake kamuwa da shi a gida. Daga dubura take tasowa ta isa bakin hanyar fitsari. Wannan ne ma ya sa ciwon ya fi yawa ga mata, domin hanyar fitsarin mace ba ta wuce tsawon santimita 4 ba, ta namiji kuwa takan kai santimita 20. Safrofitikus ce ke biye mata a tsakanin mata matasa.

Oriyos kuwa baƙuwa ce a mafitsara. Idan aka same ta a cikin fitsari, ɗayan abubuwa uku ne ya faru. Ko dai ta bi robar fitsari da aka sa wa majinyaci ta shiga, kamar yadda yake faruwa ga tsofaffin da fitsari ya toshe musu, da mata masu yoyon fitsari ko waɗanda suka yi doguwar naƙuda. Ko kuma tana cikin jini ne, ƙoda ta tace ta ta zubo cikin fitsari, wanda wannan alama ce ta babban haɗari. Ko kuwa, abin da ya fi yawa, daga fata ko hannu ko kwalba ta faɗa cikin fitsarin lokacin da ake tara shi. Rahotannin ɗakunan gwaji da dama na Nijeriya sukan nuna oriyos a sahun farko ko na biyu cikin ƙwayoyin da ake samu a fitsari, saɓanin abin da ake gani a ƙasashen Turai. Masana suna danganta wani ɓangare na wannan bambanci da yadda ake tara fitsarin, da kuma rashin kayan aikin da za su bambance oriyos da sauran 'yan uwanta.

Dangane da abin da mai lasifika yake faɗa, masana lafiya ba su sanya sitaf cikin jerin cututtukan da ake kira na saduwa ba, haka kuma ba su tabbatar da cewa ita ce ke hana haihuwa ko sa jin motsi a jiki ba. Gidaje nawa ne aka zargi mace da kawo cuta, aka yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe da allurai, saboda wata takardar gwaji da ba a fahimci abin da take nufi ba?

Yadda Magani Ya Fara Gazawa

Tarihin maganin kashe bakteriya da tarihin sitaf a haɗe suke tun farko. A shekarar 1928, a asibitin St Mary's da ke Landan, Alexander Fleming ya dawo daga hutu ya tarar funfuna ta tsiro a kan wani faranti da ya shuka sitaf a ciki, kuma duk sitaf ɗin da ke kewaye da funfunar sun narke. Daga nan aka samo fenisilin. Howard Florey da Ernst Chain na Jami'ar Okisfod su ne suka mayar da shi maganin da za a iya yi wa mutum allura, aka kuma gwada shi a kan majinyaci a 1941. Su ukun sun karɓi lambar yabo ta Nobel a 1945. A jawabinsa na karɓar lambar, Fleming ya yi gargaɗin cewa lokaci na zuwa da kowa zai iya sayen fenisilin a kanti, kuma wanda ya sha ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cutar jure masa.

Ba a jima ba maganarsa ta tabbata. Kafin ƙarshen shekarun 1940, wata likita mai suna Mary Barber ta nuna cewa kaso mai yawa na sitaf ɗin da ake samu a wani asibitin Landan ba sa jin fenisilin. Dabararsu ita ce fitar da wani sinadari da yake datse maganin kafin ya yi aiki. Sai masana suka ƙera wani sabon magani mai suna metisilin a 1959, wanda wannan sinadari ba ya iya datsewa. Shekara biyu kacal, a 1961, Patricia Jevons ta ba da rahoton samun sitaf da ba ta jin metisilin a Ingila. Wannan ita ce wadda likitoci suke kira MRSA har yau, ko da yake an daina amfani da metisilin ɗin kansa.

Yana da kyau a fahimci abin da ya faru a karo na biyun. Kowace ƙwayar sitaf tana kewaye da katanga, tana kuma da wasu sinadarai da suke aikin magina, suna ɗora katangar kullum. Fenisilin da danginsa suna kama maginan ne su ɗaure, katanga ta rushe, ƙwayar ta fashe. MRSA ta samo wani sabon magini wanda igiyar maganin ba ta kama shi, saboda haka gini yana ci gaba ko da maganin ya cika jini. Wannan ne ya sa turjiyar ba ta tsaya kan magani ɗaya ba, ta shafi kusan dukkan dangin fenisilin. Ampiclox da Augmentin da allurar seftiriyazon, waɗanda su ne abin dogaron kantunan magani a ƙasar Hausa, duk ba sa tasiri a kanta. Abin da ya rage don ciwo mai tsanani shi ne irin su bankomaisin, wanda ta jijiya ake ba da shi, yana da tsada, kuma sai ana lura da ƙodar majinyaci. Shi ma a shekarar 2002 an sami sitaf da ta bijire masa gaba ɗaya a Jihar Mishigan ta Amurka.

A nan akwai wani kuskure da harshe yake taimakawa wajen yaɗawa. Bahaushe yakan ce, "Jikina ya saba da maganin nan, ba ya yi mini aiki." Jiki bai saba da komai ba, ƙwayoyin cutar ne suka sauya. Manomin wake ya san irin wannan. Idan ya yi feshi, ƙwari masu rauni su ne ke mutuwa, 'yan kaɗan masu tauri su tsira, su ne kuma za su haifi ƙwarin baɗi, har a wayi gari maganin da ya yi aiki shekarun baya ya zama kamar ruwa. Haka aka yi da kulorokwin, wanda Nijeriya ta sauke daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a 2005. Bambancin kawai shi ne saurin hayayyafar bakteriya. Idan ta sami yanayi mai kyau, ƙwaya ɗaya takan rabu biyu cikin kimanin rabin sa'a, wanda ke nufin cikin sa'o'i goma ta haura miliyan ɗaya. Bugu da ƙari, bakteriya suna iya miƙa wa juna gadon turjiya ko da ba iyaye da 'ya'ya ba ne. Muhimmancin gyara wannan magana shi ne, wanda ya ɗauka jikinsa ne ya saba, zai ga matsalar tasa ce shi kaɗai. Alhali ƙwayar da ta koyi turjiya a jikinsa tana iya komawa jikin matarsa ko jaririnsa, waɗanda ba su taɓa shan maganin ba.

Girman al'amarin ya fito fili a wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 turjiyar bakteriya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, MRSA kaɗai ta ɗauki sama da 100,000 daga cikinsu. Yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, inda aka sami kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin yaƙi da matsalar a 2015, Nijeriya ta bi da nata na 2017 zuwa 2022, sannan na biyu na 2024 zuwa 2028.

Daga Ƙauye Zuwa Ɗakin Gwaji

A ɗauki misalin wata matar aure a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, mai cikin wata biyar, wadda ta fara jin raɗaɗi idan tana fitsari. Kunya ba za ta bar ta ta fayyace wa maigidanta ba, abin da za ta ce shi ne, "Malam, marata ce ke ciwo." Ranar kasuwa shi kuma ya biya kemis ya ce, "Likita, a taimaka mini da maganin sanyi na iyali, amma na ɗari biyar." Mai kemis bai ga majinyaciya ba, bai san tana da ciki ba, ba a kuma yi masa horon rubuta irin wannan magani ba, hasali ma dokar ƙasa ba ta ba kantinsa izinin sayar da shi ba. Sai ya yanko kafso huɗu daga kati, gwargwadon kuɗin, ya ƙulla a leda. Idan aka yi rashin sa'a ya ba da ja-da-yalo, wato tetirasaikilin, wanda aka hana masu ciki saboda yana lahanta haƙora da ƙashin ɗan tayi.

Bayan kwana biyu raɗaɗin ya lafa, maganin ma ya ƙare. Mako uku sai ciwon ya dawo, aka sayo wani kafso daban. A karo na uku ya zo da zazzaɓi mai rawar ɗari da amai da ciwon kwiɓi, aka ce zazzaɓin sauro ne, aka yi allurai. Gaskiyar abin da ya faru ita ce ƙwayoyin sun haura daga mafitsara sun kama ƙoda. Ga mai ciki wannan yana iya jawo naƙuda kafin lokaci, ko haihuwar jariri maras nauyi, ko cutar ta bazu cikin jini. Kafin a ɗauko mota zuwa Birnin Kudu, abin da aka kashe ya ninka kuɗin gwajin da aka guje wa tun farko, ƙwayoyin da suka rage a jikinta kuma su ne waɗanda suka tsallake magunguna biyu ko uku.

Babu mugu a cikin wannan labari. Maigida talauci ne ya auna masa maganin, mai kemis kuma idan ya ƙi sayarwa na gaba da shi zai sayar. Amma kowane ɗayansu ya taimaka wajen yi wa ƙwayar cutar horo.

A asibitin da ke da ɗakin gwaji, hanyar da ake bi daban ce. Akan ba majinyaci kwalba mai tsabta da murfi, a umarce shi ya wanke hannu da gabansa, ya bar farkon fitsarin ya zuba, sannan ya tari na tsakiya. Hikimar ita ce na farkon ya wanke ƙwayoyin da ke bakin hanya. Wajibi ne fitsarin ya isa ɗakin gwaji cikin sa'o'i biyu, ko a ajiye shi a firji. Wanda ya taro fitsari a kwalbar lemo tun asuba daga ƙauye, ya iso da azahar cikin zafin bazara, ya kawo wa ma'aikaci gonar ƙwayoyin da suka tsiro a hanya. Daga nan akan shuka fitsarin a faranti mai abincin bakteriya, a ajiye shi kwana ɗaya a ma'aunin zafin jikin mutum. Tun shekarun 1950 wani likitan Amurka mai suna Edward Kass ya nuna cewa samun ƙwaya 100,000 a cikin mililita ɗaya shi ke nuna ciwo na haƙiƙa, ko da yake ga mai alamun ciwo ana karɓar adadin da bai kai haka ba. Idan an gane nau'in ƙwayar, sai a sake shimfiɗa ta a wani faranti, a ɗora ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna iri-iri. Washegari, maganin da yake da tasiri za a ga ya share fili a kewayensa, wanda ƙwayar ta raina kuwa za a ga ta tsiro har jikinsa. Aikin duka yakan ci kwana biyu zuwa uku.

Abu biyu suke ɓata wannan gwaji. Na farko, majinyacin da ya sha magani kafin ya zo, ya kuma ɓoye wa likita, yana iya samun sakamakon da ya nuna babu komai alhali ciwon yana nan. Na biyu shi ne yi wa takarda magani a maimakon mutum. Ƙa'idar likitoci ita ce, wanda aka ga bakteriya a fitsarinsa amma ba ya jin komai ba a ba shi magani, in ban da mace mai ciki da wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari. Wannan na cikin dalilan gwada fitsari a wurin awon ciki. A ɗaya gefen kuma, idan an tari fitsari yadda ya kamata aka sami oriyos ga mai zazzaɓi, likita ba zai tsaya kan mafitsara ba, sai ya nemi a shuka jinin ma, don kada a yi ta kashe reshe a bar saiwa.

Shi ciwon mafitsara na yau da kullum ba ya bukatar tulin magani. Ga macen da ba ta da ciki, kwana uku zuwa biyar na maganin da ya dace, kamar naitirofurantoyin, yakan wadatar. Masu yi wa mutane allurai na kwana goma ko makonni da sunan wanke sitaf daga jini suna ƙara wa matsalar wuta ne, domin yawan magani ba bisa larura ba shi ne babban abin da ke rainon turjiya. Haka nan kajin gidan gona da shanun da ake ɗura wa maganin kashe bakteriya ba tare da shawarar likitan dabbobi ba, su ma makaranta ce ta horar da ƙwayoyin cuta.

Rigakafi da Matsayin Malami

Yawancin hanyoyin kariya ba sa cin kuɗi. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2018 ya nuna cewa matan da ciwon ke yawan dawo musu, waɗanda dama ba su cika shan ruwa ba, da suka ƙara lita ɗaya da rabi a kullum, dawowar ciwon ta ragu da kusan rabi. Wannan abin lura ne a watannin Maris zuwa Mayu, da kuma lokacin azumi tsakanin buɗe-baki da sahur. Wajen tsarki, hannu ya tashi daga gaba zuwa baya. Yin fitsari bayan saduwa yana taimakawa, haka ma nisantar cushe-cushen da ake yi da sunan gyaran jiki. Sitaf kuwa hannu ne babban abin hawanta, saboda haka sabulu da ruwa, da rufe maruru mai zubar da mugunya, da ƙin yin tarayya a reza ko tawul, su ne garkuwa. Mai jinyar wanda aka sa wa robar fitsari ya riƙa tambayar ma'aikata yaushe za a cire ta, domin kowace rana da ta ƙara haɗari ne ya ƙaru.

Akwai abin da ya shafi malamin makaranta kai tsaye. A makarantar da ba ta da makewayi mai sutura, 'yan mata sukan ƙi shan ruwa tun safe, su matse fitsari har a tashi. Malamin da ya hana ɗaliba fita zagayawa yana ganin ladabtarwa yake yi. Idan kuma yarinya ta riƙa neman izinin fita sau uku ko huɗu cikin darasi ɗaya, abin da ya dace shi ne a haɗa ta da wata malama ta tambaye ta a keɓe.

Malamin Hausa kuwa yana da ƙarin nauyi, domin shi ake nema idan za a fassara saƙon lafiya don rediyo ko masallaci ko taron iyaye, musamman a makon faɗakarwa kan turjiyar ƙwayoyin cuta da ake yi daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba kowace shekara. Har yanzu masu fassara ba su tsaya kan kalma ɗaya ba. Wasu suna cewa "bijirewa", wasu "jurewa", wasu "turjiya", wasu kuma "ƙin jin magani". "Jurewa" tana ɗauke da ma'anar haƙuri da yabo, ga shi kuma mai sauraro yana iya zaton majinyacin ne ya jure. "Ƙin jin magani" ta fi kusa da bakin talakawa, tun da dama ana cewa ciwo ya ƙi jin magani, sai dai ba ta nuna wane ne ya ƙi ji ba. "Turjiya" tana kawo hoton jakin da ya kafe ƙafa ya ƙi gaba, wato wani mai rai ne daban da mai jan igiyar, shi ya sa aka fi amfani da ita a wannan darasi. Kowace aka ɗauka, sharaɗin shi ne a ambaci mai aikatawa a cikin jimlar: a ce ƙwayar cuta ta turje wa magani.

Jinga

1. Kawo cututtukan da Hausawa suke tarawa a ƙarƙashin kalmar "sanyi", sannan ka bayyana illar da faɗaɗar ma'anar kalmar take yi wa majinyaci.
2. Ta waɗanne hanyoyi ne oriyos take bayyana a cikin fitsari? Wace ce ta fi haɗari, kuma don me?
3. Yi sharhi a kan jimlar "Jikina ya saba da maganin nan" ta fuskar ma'ana, ka sake gina ta yadda za ta dace da abin da yake faruwa.
4. Saurari mai tallar magani a kasuwar garinku, ka rubuto kalmomin aro guda goma da ya yi amfani da su, tare da ma'anar da ya ba kowace.
5. Rubuta sanarwar rediyo da ba ta wuce kalma 150 ba, wadda za ta jawo hankalin magidanta su kai matansu masu ciki gwajin fitsari, ba tare da ka keta haddin kunyar Bahaushe ba.